Hotunan Gonar Ba'ana

Malam Garzali ya shekara ashirin da bakwai yana aikin malamin gona, kuma bai taɓa jin yana buƙatar wani abu bayan bakinsa ba in zai yi wa mutane bayani. A unguwar Bolori aka haife shi, ko da yake mahaifinsa daga Kano ya zo da sana'ar jima. Ya iya Kanuri daidai cin kasuwa da gaisuwa, ya san ƙasar fadama da ido, yana iya duban ganyen shinkafa ya faɗi abin da ke damunta. Kwamfuta kuwa, iyakarsa da ita buga rahoto da yatsa biyu.

A farkon watan Maris na shekarar 2018 shugaban ofishinsu, Dakta Mikail, ya aika a kira shi.

"Malam, ranar Alhamis ta sama baƙi za su zo daga Abuja, kuma mun gayyaci shugabannin manoma. Kai za ka yi bayanin gwajin shinkafar nan. Amma don Allah kada a maimaita irin ta bara. Ka tsaya kana karanto lambobi, mutum biyu suka yi barci, ɗaya har da minshari. A haska a majigi, a sa masa motsi ya yi rai. Ka je wurin Maman Daniel ta nuna maka."

Maman Daniel ita ce Phoebe Pindar, mutuniyar kudancin Borno, wadda ta shigo ofishin tun zamanin tafireta ta kuma bi kowace na'ura da aka kawo har ta fi kowa saninta. Kusan sa'o'in juna ne da Garzali. Shekara ashirin suna gaisawa a baranda ɗaya, ya je jana'izar mijinta, ta zo sunan 'ya'yansa huɗu.

Gwajin da za a yi bayani a kai na wani irin shinkafa ne mai saurin nuna, wanda ke isa girbi mako uku kafin na gida. Daminar da ta wuce Garzali ya ba wani manomi mai suna Ba'ana irin, ya dasa a gonarsa da ke bayan Zabarmari. Kowace Talata Garzali yakan bi motar ofis, a wuce shingen sojoji da na 'yan sa-kai da ake kira 'yan gora, ya je ya tsaya a gindin kunya ɗaya, ya ɗauki hoto daga wuri ɗaya. A kowane hoto Ba'ana na tsaye a cikin shinkafar, riƙe da sandar awo mai fentin ja da fari. Haka aka yi mako goma. A mako na goma sha ɗaya mutanen daji, wato 'yan tayar da ƙayar baya, suka same shi a gonar da sassafe suka harbe shi. Sojoji suka rufe hanyar gonakin har mako biyu. Da aka buɗe, Garzali ya koma ya tarar matar marigayin, Ya Fanna, ta fito girbi tana cikin takaba, don babu wanda zai yi mata. Ita ta riƙe masa sandar a hoto na ƙarshe.

Waɗannan hotuna goma sha ɗaya ya kai wa Phoebe a waya.

Ta jera su shafi-shafi, kowanne da kwanan wata da tsawon shinkafa a ƙasa. Sannan ta jawo masa kujera kusa da ita.

"To, Malam Garzali, ga abin da Dakta yake nufi. Ka ga wannan jerin a sama? Nan ake zaɓar yadda shafi zai tafi wani ya shigo. Ka taɓa shafin, ka taɓa salon da kake so, shi ke nan. Gwada."

Ya kama linzamin kwamfutar da ɗari-ɗari ya danna na farko. Hoton ya rabu biyu kamar labule, na bayansa ya fito. Ya danna wani, hoton ya naɗe kamar ana buɗa littafi. Wani ya juya kamar akwati. Wani ya naɗe kansa ya zama tsuntsu ya tashi ya bar allon. Garzali ya yi dariya har da buga cinya.

"Ikon Allah! Wato duk shekarun nan wannan na ciki?"

"Yana ciki, yana jiranka."

Ya danna wani, sai hoton ya tarwatse kamar gilashin da aka jefa da dutse. Phoebe ta ɗora hannu a kan tebur.

"Banda wannan. Kuma ka ga wancan ɗan akwatin na sauti? Kada ka taɓa shi. Shekara uku da suka wuce wani ya zo mana bita daga kudu, ya sa ƙarar fashewa duk sanda shafi zai canja. Shi a ganinsa ado ne. Shafin farko na juyawa, rabin ɗakin muka tsinci kanmu ƙarƙashin tebur. Wata mata sai da aka yayyafa mata ruwa."

"Shi fa?"

"Ya yi ta ba da haƙuri. Ba mugu ba ne, bai zauna a garin nan ba ne kawai."

Sun ɗauki kusan awa guda suna gwaji. Garzali ya so ya ba kowane shafi salonsa daban, Phoebe ta ce hakan zai sa mutane su manta da shinkafa su koma jiran abin da zai faru da hoto na gaba. Daga ƙarshe ta nuna masa wani salo mai sanyi, wanda hoto ke dushewa a hankali yayin da na gaba ke bayyana a cikinsa. Ta sa daƙiƙa biyu, ta danna wurin da ke sa salon ya hau dukkan shafuka, ta kuma saita su riƙa tafiya da kansu.

Da yake daga wuri ɗaya aka ɗauki hotunan, abin da ya fito ya wuce zaton su biyun. Shinkafar ta riƙa girma a gaban idonsu. Daga 'yan tsirarun dashe a cikin ruwa ta kai gwiwar Ba'ana, ta yi duhu, ta kai cinyarsa, ta yi ciki, ta fitar da kai. Shi kuma yana nan tsaye, yau da hula, gobe da rawani, wata rana yana dariya don Garzali ya tsokane shi. Sai shafi na goma ya fara dushewa. Kafaɗun Ba'ana suka narke, mayafi ya bayyana a wurinsu, fuskarsa ta koma ta matarsa, shinkafar ta koma ruwan zinariya. Daƙiƙa biyu, babu ko tangarɗa.

Can Phoebe ta ce, "Yesu," a hankali, ta cire tabarau tana gogewa da gefen zani.

Garzali ya san labarin, shi ya ɗauki hotunan, ya je ta'aziyya, ya rubuta a rahotonsa cewa amfanin gona ya ragu saboda matsalar tsaro. Amma bai taɓa ganin abin a jere haka ba. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne santsin canjin. Na'urar ta haɗa mako na goma da na goma sha uku kamar yadda ta haɗa na uku da na huɗu, ba ta san akwai wani abu a tsakani ba.

Washegari suka nuna wa Dakta Mikail. Ya ji daɗin farkon ƙwarai, yana ta gyaɗa kai. Da aka zo ƙarshe ya shafa gemu.

"Allah ya ji ƙansa. Malam, ba rashin tausayi ba ne, amma in suka ga wannan, taron zai koma maganar tsaro, a manta da iri. Kuma irin nan muke so a yaɗa. A yanke mutanen daga hoton, a bar sanda da shinkafa."

Phoebe ta yi yadda aka ce. Ta matse kowane hoto har mutum ya fita. Amma sanda ba ta tsayuwa da kanta. A kowane shafi akwai hannu a jikinta: hannu mai kauri da zoben azurfa har sau goma, sannan siririn hannu da bakin mayafi. In aka ƙara matsewa don hannun ya fita, lambobin sandar su ma sai su fita.

"Wannan ya fi na farko muni," in ji Garzali.

"Na gani."

Ya zauna yana juya hularsa a hannu. "Maman Daniel, ni fa ban ma tambayi matar nan ba. Zan haska mijinta a bango gaban mutum hamsin, ko in yanke shi, duk ban tambaye ta ba."

"To mu je mu tambaye ta mana. Talata ai motar na zuwa."

Ranar Talata suka tafi da kwamfutar tafi-da-gidanka ta ofis, da hotunan yadda suke tun farko. Rana ta riga ta yi zafi kafin su wuce shinge na biyu, inda wani ɗan gora ya sa aka buɗe kwamfutar aka kunna don ya tabbatar kwamfuta ce. Ya Fanna ta gama takaba wata guda da ya wuce. Sun same ta a tsakar gida tana sheƙar shinkafa. Ta shimfiɗa musu tabarma a inuwar dogon yaro, ta kawo ruwa a kwanon sha, tana yi musu sannu da Kanuri.

"Wushe, Malam. Wushe, wushe. Kun sha hanya."

Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka yi wa mamaci addu'a. Sannan Garzali ya yi mata bayanin taron da Hausa yana cusa Kanuri inda ya iya. Ya ce in ba ta so a nuna, ba za a nuna ba. Phoebe ta koma kusa da ita ta ɗora kwamfutar a cinya, ta kare hasken rana da mayafinta.

Fanna ta kalla tun daga farko har ƙarshe ba ta motsa ba. Da fuskarta ta fito a madadin tasa, ta ɗan ja da baya, ta kai hannu baki.

"A sake," ta ce.

Aka sake. A shafi na bakwai ta nuna da yatsa. "Wannan rigar ni na wanke ta ranar, ba ta bushe ba ya saka." A na goma ta ce, "Tsaya. Ba ya tsayawa ne? Sauri yake yi."

Phoebe ta cire saitin da ke tafiyar da shafukan da kansu. Hoton ya tsaya. Ba'ana na riƙe da sanda, ido a ɗan kanne saboda rana, shinkafar ta kai masa ƙugu, kawunanta sun fara sunkuyawa. Fanna ta daɗe tana dubansa. Hotonsa ɗaya ne a gidan, ta ce, na katin zaɓe, kuma a can bai yi kama da kansa ba.

"Ku nuna," ta ce daga baya. "Ya yi aiki, a ga aikinsa. Amma Malam, za ka gaya musu maganar tsuntsu?"

"Wace maganar tsuntsu, Ya Fanna?"

Ta dube shi da mamaki, kamar ta ɗauka ya sani tuntuni. Sai ta yi masa bayani dalla-dalla, da muryar da za ta gaya wa maƙwabciya yadda ake gyaran miya. Shinkafar Malam ta riga ta kowa yin nono. A duk faɗin fadamar babu gona mai ƙwaya sai tasu, don haka duk tsuntsayen jan-baki na yankin a kanta suka sauka. Ba'ana ya ɗaura igiya da gwangwanaye, bai isa ba. Tsuntsu da asuba yake sauka. Mutane kuwa ba sa fita gona sai rana ta ɗaga, a tafi a ayari, 'yan gora na gaba. In ya jira ayari, ya tarar an cinye. Shi ya sa ya riƙa fita shi kaɗai bayan sallar asuba. Kwana tara yana yi. A na goma bai dawo ba.

"Irin yana da kyau," ta ce. "Da abin da tsuntsu ya ci, da mako biyun da ba a je ba, duk da haka na samu buhu goma sha ɗaya. Amma kada a ba mutum ɗaya. A ba mutum goma masu gona a jere, su dasa rana ɗaya. Tsuntsu ya rabu, mutane kuma su fita tare."

Babu zargi a muryarta ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi yi wa Garzali nauyi. Shi ya kawo irin. Shi ya ce wa Ba'ana ya riga kowa dashe don a ga bambanci sosai. Ya auna tsawo, ya ƙirga rassa, ya duba ciwon ganye, kowace Talata da ƙarfe goma sha ɗaya na rana, lokacin da tsuntsu ya riga ya ƙoshi ya koma inuwa. Ya ga igiyar da gwangwanayen, har suna cikin hoto na goma daga gefe, bai tambaya ba. Ba'ana kuma bai faɗa ba, wataƙila don kada Malam ya ga kamar yana kushe kyautarsa.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba. Ki yafe mini."

"Kwanansa ne ya ƙare, Malam. Kai alheri ka nufa. Ka dai faɗa musu."

Da suka koma ofis Garzali ya ce wa Phoebe ta buɗe aikin.

"Ki ƙara shafi biyu tsakanin na goma da na ƙarshe. Babu hoto. Kwanan wata kawai, a rubuta ba a je gona ba."

"Da wane salo za su shigo?"

"Akwai wanda babu salo?"

"Akwai. Shi ne na farko a jerin, ba ka kula da shi ba ne. Shafi ya tafi, wani ya zo, shi ke nan."

"Shi nake so. Daga na goma zuwa ƙarshe. Kuma kada ya tafi da kansa, sai na danna."

Ta nuna masa, shi ya yi da hannunsa. Sannan ya je ya sami Dakta Mikail ya gaya masa abin da Fanna ta ce da abin da ya yanke. Dakta ya dube shi.

"Ka san za su iya cewa a dakatar da irin gaba ɗaya?"

"Na sani, ranka ya daɗe. In muka yi shiru kuma, bana mutum ashirin za mu ba, kowa a fadamarsa shi kaɗai."

Dakta ya numfasa. "Minti goma sha biyar gare ka."

Ranar Alhamis janareta na ruri a bayan ɗakin taro, fankoki na juya iska mai zafi. Baƙin Abuja huɗu suna gaba da robobin ruwa, manoma kusan talatin suna baya a kujerun roba. Garzali ya yi sallama, ya faɗi sunan irin da ranar dashe, ya fara dannawa. Shinkafar ta soma girma a bango. Daga baya aka fara jin "Masha Allah," wani ya ce, "Ai Ba'ana ne," wasu suka miƙe don su gani da kyau.

A shafi na goma ya tsaya, ya bar hoton ya daɗe. Ya nuna musu igiyar da gwangwanayen a gefe. Sannan ya danna. Farin shafi ya faɗo, da kwanan wata da layi ɗaya. Ya faɗi abin da ya faru kamar yadda Fanna ta faɗa masa, da Hausa tukuna, sannan da Turanci don baƙi. Ya ce shi ya ba da shawarar a riga kowa dashe, kuma bai yi tunanin tsuntsu ba. Ya tsaya ya sha ruwa. Ya danna, farin shafi na biyu ya zo. Ya danna, Fanna ta bayyana da sanda a hannu.

Wata daga cikin baƙin, mai tabarau a goshi, ta ɗaga biro. "To kana ba da shawarar irin ko ba ka bayarwa?"

"Ina bayarwa, Hajiya. Amma ba ga mutum ɗaya ba. Wannan kuma ba shawarata ba ce, ta matar da ke bangon nan ce."

Ta rubuta wani abu mai tsawo. Na kusa da ita ya fara tambaya a kan rakiyar sojoji, kuma kamar yadda Dakta ya yi hasashe, an kwashe kusan rabin awa a maganar tsaro. Baƙin ba su ce a dakatar ba, ba su kuma ce a faɗaɗa ba. Sun ce za su duba su aiko da amsa.

Manoman ba su jira amsar Abuja ba. Ana tashi, Baba Bala, shugaban manoman ɓangaren da gonar Ba'ana take, ya ja Garzali waje. Ya tsuguna ya zana fadamar a ƙasa da tsinke, gona bayan gona, yana kiran sunan mai kowacce. Nan take musu ya kaure. Wannan ya ce gonarsa ruwa na kwanciya, ba za ta yi dashen wuri ba. Wancan ya ce ba zai haɗa aiki da maƙwabcinsa ba sai an gyara maganar kunyar da ke tsakaninsu. Wani ya ce sai ya tambayi wansa. Garzali ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna tare da su, aka yi ta ja har aka kira la'asar.

Ba a samu goma ba. Da damina ta sauka, gonaki shida ne aka dasa a mako ɗaya, ta Fanna ce ta uku a jerin, ƙanenta ya zo daga Galtimari ya kama mata. Ɗaya daga cikin masu gonakin shida ya janye a tsakiya saboda rashin lafiya, sauran suka raba gadin gonarsa. Jan-baki sun zo kamar kullum, sun ci rabonsu. Mutanen suka riƙa fita su tara ko goma bayan gari ya waye, da 'yan gora biyu, har aka yi girbi a tsakiyar Oktoba, kuma duk wanda ya fita ya dawo gida.